Dokin Bawa a bakin Bature

Ɗalibi a Sabon Birni ya ce “dokin Bawa”, ba ya ko tunani. Doki ne a gaba, mai doki a baya, kuma dokin ne ke ɗauke da alamar mallaka: -n ga namiji da jam'i, -r ga mafi yawan sunayen mata, kamar “gonar Bawa”. Turanci kuwa kifar da zancen yake yi. Mai abu ke shigowa gaba, shi ake rataya wa alamar: Bawa's horse, Bawa's farm. Babu ruwansa da jinsin abin da aka mallaka. A nan yara da yawa ke tuntuɓe a jarrabawar WAEC da NECO, don da Hausa suke tunani, hannu na rubuta Turanci.

Alamar ita ce ɗan waƙafin nan na sama, irin alhamzar da ke cikin “sa'a”, sai harafin s. In mai abu ɗaya ne, waƙafi kafin s. In jam'i ne da ya ƙare da s, waƙafin a bayansa. Dubi allon makarantar 'yan mata: Girls' Secondary School. Mai rubuta allo in ya sa Girl's, ya mai da makaranta sukutum ta yarinya guda! Jam'in da ba ya ƙarewa da s kuwa sai a bi da shi kamar tilo, shi ya sa ranar 27 ga Mayu take Children's Day.

Sunayenmu irin su Idris da Yunus fa? Idris's da Idris' duk sun halatta. Ni dai na fi son na farko, don haka ake furta shi. Sarauta mai tsawo kuma a wutsiya ake liƙa mata alamar: the Sarkin Gobir of Isa's horse, ko da yake dokin ba na garin Isa ba ne.

Wakilin suna ya fi ruɗarwa. Bahaushe zai ce “nasa”, “tasa”, “nata”, “tata”, yana duban mai abu da abin gaba ɗaya. Bature mai abu kaɗai yake dubawa: his in namiji ne, her ko hers in mace ce. Kuma hers, ours, yours, theirs da its ba sa ɗaukar waƙafi sam. Wanda ya rubuta it's tail yana nufin wutsiyar akuya, abin da ya ce shi ne “ita wutsiya ce”.