Keto a ƙasar tuwo: Wace manhajar lissafin abinci ce za ta yi maka aiki a Birnin Gwari?

Tsarin cin abinci na keto ya shigo wayoyin matasa ta TikTok da Facebook, inda ake ta nuna hotunan waɗanda suka rage teɓa. Dokarsa a taƙaice ita ce mutum ya rage kabohaidret, wato sitaci da sukari, zuwa tsakanin gram 20 da 50 a yini, ya ƙara mai, ya ci nama da ƙwai daidai gwargwado. Idan jiki ya rasa sukarin da ya saba ƙonawa, sai hanta ta koma narka kitse tana samar da wani makamashi da ake kira kiton. Likitocin Amurka ne suka fara amfani da tsarin a shekarun 1920 domin yara masu farfaɗiya, daga baya masu son rage ƙiba suka karɓe shi.

Gram 50 ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Garin masara gram 100, kusan cikin gwangwanin madara ɗaya, yana ɗauke da kabohaidret sama da gram 70. Dafaffiyar shinkafa gram 100 tana da kimanin gram 28. Ke nan malmalar tuwo ɗaya tana iya cinye kason yini gaba ɗaya. A Birnin Gwari, ƙasar noman masara da dawa da shinkafa, mai son bin wannan tsari ba zai iya da kintace ba, dole sai da lissafi. A nan ne manhaja ke shigowa. Sai dai manhajar da ta fi suna a Play Store ba lallai ba ne ita ce za ta amfane ka. Wadda za ta amfane ka ita ce wadda za ka iya koya mata abincin gidanku, kuma ba za ta tsaya cik ba idan sabis ya ɗauke.

Gwaji na farko: ta san miyar kuka?

Da ka sauke manhaja, tun kafin ka cike sauran bayanai, nemi abinci biyar a cikinta: tuwon masara, miyar kuka, awara, tsire da kindirmo. Sakamakon zai nuna maka inda ta dosa.

MyFitnessPal tana da rumbun abinci mafi girma, domin masu amfani da ita ne ke zuba yawancin bayanan. Wannan ya sa kana iya samun abincin Najeriya a ciki, amma abinci ɗaya sai ya fito da lambobi daban-daban, tunda kowa abin da ya ga dama ya rubuta. Cronometer ta bi wata hanyar: tana ɗauko alƙalumanta daga rumbunan da aka tantance a ɗakin gwaji, irin na ma'aikatar noma ta Amurka. Lambobinta abin dogaro ne, sai dai ta fi sanin ɗanyen kaya, kamar gyaɗa da kuɓewa da naman sa, fiye da girkin da aka haɗa. Carb Manager kuwa dominsa aka gina ta, kabohaidret ɗin da ya rage maka a yini shi ne abin da take sa maka a gaba. FatSecret ba ta da kwalliya da yawa, amma akasarin ayyukanta kyauta ne.

Babu ɗaya daga cikinsu da aka gina da tunanin tukunyar Bahaushe. Saboda haka abin dubawa shi ne ko tana ba ka damar haɗa girkinka da kanka ba tare da biyan kuɗi ba.

Yadda ake koya mata girki

Ana buƙatar ƙaramin sikelin kicin mai batir. Ranar da za a yi miya, a auna kuka, manja, daddawa, albasa, attaruhu da nama kafin a zuba, a shigar da su a matsayin girki ɗaya, sannan a ƙirga ludayi nawa tukunyar ta bayar. Daga ranar, ludayi biyu kawai za ka riƙa dannawa. Idan ba ka samu wani kayan haɗi a manhajar ba, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na 2019, wanda ake saukewa kyauta. Daga nan za ka kwafo lambobin.

A gidan da ake cin abinci a kwano ɗaya, sai ka ɗibi naka a faranti daban, in ba haka ba lissafin ya zama na iska. Haka kuma kada ka saki jiki da fasahar ɗaukar hoton abinci da wasu manhajojin ke tallatawa. Kyamara ba ta ganin ƙuli-ƙulin da ke jikin tsire, ko sukarin da wasu ke zubawa a labun kilishi, ko gari da aka ɗaure miya da shi.

Gwaji na biyu: kashe data

Mutanen Birnin Gwari ba sa buƙatar a ba su labarin rashin sabis. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 gwamnati ta rufe layukan sadarwa a yankin saboda matsalar tsaro, kuma har yau ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku sabis ɗinsu na zuwa ne yana tafiya. Galibin waɗannan manhajoji suna buƙatar intanet kafin su nemo sabon abinci. Don haka ka shigar da abincin da ka saba ci lokacin da kake da sabis mai ƙarfi, sannan ka sa wayar a yanayin jirgin sama ka gwada: tana buɗewa? Tana karɓar abin da ka ci? Idan ta ƙi, ka tanadi wurin rubutu na wayar ko ɗan littafi, ka kwashe daga baya. Masu ƙananan Tecno da itel su duba girman manhajar da kuma yawan tallan bidiyon da ke cikinta, domin su ne ke shanye data da caji.

Tarkon faiba

Masu keto suna cire faiba daga jimillar kabohaidret, tunda ciki ba ya narkar da ita. Ɗanyar gyaɗa gram 100 tana da kimanin gram 16, amma kusan rabi faiba ce. Matsalar ita ce kayan Amurka suna rubuta jimilla haɗe da faiba, kayan Turai kuma sun riga sun cire ta, haka ma jadawalin FAO. Idan ka shigar da lambar da aka riga aka tace, manhajar ta sake cirewa, za ta nuna maka ƙasa da abin da ka ci. Ka duba saitin kafin ka fara.

Kuɗi da sirri

Tun Oktoban 2022 MyFitnessPal ta mayar da na'urar karanta lambar jikin kaya zuwa ɓangaren masu biya. Wannan bai kamata ya dame ka ba, domin zogale da ƙwan zabi da man shanun da ake saya a kasuwa ba su da wata lamba a jikinsu. Kuɗin wata-wata na irin waɗannan manhajoji ya fi na sikeli nesa ba kusa ba, kuma sikelin ya fi amfani. Ka yi hattara da gwajin kyauta da ke neman lambar katin banki, domin da wa'adin ya cika cirewa ake yi.

Sannan nauyinka da shekarunka da ciwon da kake fama da shi duk bayanan sirri ne. A 2018 an yi wa MyFitnessPal kutsen da ya shafi asusu kusan miliyan 150. Kada ka yi amfani da kalmar sirrin imel ɗinka ko ta banki, kuma kada ka sauke manhajar da aka fasa ana yawo da ita a WhatsApp.

Abin da manhaja ba za ta gaya maka ba

Manhaja lissafi ta iya, ba ta san jininka ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin sauke sukari, idan ya yanke tuwo rana ɗaya ba tare da an rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. A wurin da asibiti ke da nisa, wannan ba abin wasa ba ne. Masu juna biyu, masu shayarwa, masu ciwon ƙoda ko hanta, da yara masu tasowa, kada su fara sai sun ga likita. Mai lafiya ma yakan ji ciwon kai da kasala a makon farko, don haka manomin da zai wuni a rana ya kula da ruwa da gishiri.

Wanda ke son lambobi masu inganci kuma ba ya ƙyashin aunawa, ya fara da Cronometer. Wanda ke son ganin kason yininsa a sauƙaƙe, ya gwada Carb Manager. Ko wacce ka ɗauka, ka yi mako guda kana rubuta abincin da ka saba ci ba tare da canja komai ba. Za ka iya tarar da cewa lemon kwalba, shayi mai sukari da burodin safe ne suka fi yi maka ɓarna, kuma rage su kaɗai ya isa mafari kafin ka taɓa tuwon dare.