Diffa: Abin da mai koyon aikin murya ya kamata ya sani kafin ya sayi makirfo

Tun da fassarar finafinan Indiya irin ta Algaita Dubstudio da ke Kano ta samu karɓuwa, matasa da dama sun gane cewa murya ma jari ce. A Diffa, inda ake jin Barbarci, Hausa, Fulatanci da Tubanci a kasuwa guda, akwai buƙatar masu karanta talla da saƙonnin wayar da kai a gidajen rediyo irin su Anfani.

Sai dai wanda ya tara kuɗinsa a gonar tattasai a bakin Komadugu, ko ɗan'uwa ya aiko masa daga waje, kuskure ɗaya a wurin saye na iya cinye jarin baki ɗaya.

Makirfo iri biyu ne. Samfurin kondensa, wanda ake yawan gani a hotunan situdiyo, kunne gare shi kamar na zomo: yana kwasar ƙarar fanka, kukan awaki da janareton maƙwabta. Mai igiyar XLR kuma sai an haɗa shi da akwatin sauti mai ba da wutar bolt 48, irin su Focusrite Scarlett Solo. Samfurin dainamik kuwa abin da ke kusa da shi ya fi ji, kuma ya fi jure ƙura da faɗuwa. Shi ya fi dacewa da ɗan koyo.

Samson Q2U, alal misali, yana da kafar USB da ta XLR. Ana iya jona shi da kwamfuta, ko da waya ta ƙaramar igiyar OTG, don haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da aiki.

Amma ɗaki ya fi makirfo tasiri. Bangon siminti da rufin kwano suna mayar da amo. A jingina katifa a bango, a rataya barguna, a shimfiɗa darduma. Da yake dole a kashe fanka, ga zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, gara a ɗauka gutsure-gutsure bayan dare ya raba.

Sauran kayan ba su da tsada: abin sauraro mai rufe kunne ruf, da ragar tare iskar baki, wadda za a iya haɗawa da siririyar safa da zoben waya. A bar tazarar yatsu huɗu tsakanin baki da makirfo. Manhajar Audacity kyauta ce.

A adana aikin a tsarin WAV, a tura shi a matsayin fayil, domin saƙon murya na WhatsApp yana rage inganci.

Ga masu aiko da kaya daga ƙetare: kafin a biya, a nemi yaron ya ɗauki minti ɗaya na shirun ɗakinsa ya turo. Abin da aka ji a ciki shi zai nuna makirfon da za a saya.