Ofishin da Ke Kusa da Ɗakin Likita

Maganar gubar dalma ce ta kai ni wata cibiyar kula da mata da ƙananan yara a Aubervilliers, garin da ke manne da arewacin Paris, cikin yankin Seine-Saint-Denis. A Zamfara, a 2010, daga haƙar zinariya gubar ta fito. A nan kuwa tana cikin fentin gidajen da aka gina kafin 1949. Fenti ya ɓare, mai rarrafe ya tsinta ya kai baki.

Irin waɗannan cibiyoyi, da ake kira PMI, suna aiki tun 1945. Ana awon ciki, ana yi wa yara 'yan ƙasa da shekara shida rigakafi da awo kyauta, ko iyayensu na da takardun zama ko babu. Aka yi mini maraba, aka nuna mini benci.

A kan bencin na tarar da wata baiwar Allah 'yar Damagaram, da goyo. An sami dalma a jinin ɗanta, likita ta tura ta ofishin da ke kusa, wurin ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Ita kuwa sai ta sulale gida.

"Yaya, tsoro ne," in ji ta. "An ce mini da sun ga ɗakin da muke kwana, mu biyar, za su karɓe mini yara. Wa zai kai kansa?"

Sai da ungozomar cibiyar ta kama hannunta ta raka ta har ciki. Ma'aikaciyar ba ta tambaye ta yadda ta shigo ƙasar ba. Ta fara da adireshi, domin mai gidan ya ƙi ba su rasit ɗin haya, kuma a Faransa marar adireshi tamkar marar suna ne. Aka nema mata na ofishin taimakon jama'a na gari. Da shi ta cike takardar AME, tallafin jinya ga marasa takardun zama da suka wuce wata uku a ƙasar. Likita kuma, bisa doka, ta sanar da hukumar lafiya, aka zo aka auna bango, aka umarci mai gida ya gyara.

Gyaran bai ƙara wa ɗakin faɗi ba. Gidan gwamnati a wannan yanki ana shekaru ana jiransa, ga masu takardu ma ke nan. Lambar 115 ta neman makwancin gaggawa kuwa, sau da yawa amsarta babu wuri.

Duk da haka dalmar na raguwa a jinin yaron. Yanzu uwar tasa ke rako sababbin zuwa, tana yi musu tafinta.

"Nakan ce musu, ku shiga, ni ma na shiga, ga 'ya'yana nan a hannuna. Amma gida kam, sai an daure."