Shara, Juji da Kashi: Harshen Damo a Barkwancin Hausawan Garwa

Garwa, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, tana bakin kogin Binuwai. Fulatanci ne harshen kasuwa da unguwa, Faransanci na makaranta da ofis, Hausa kuma tana bakin 'yan kasuwa da mahauta da iyalansu. Wannan takarda za ta duba yadda ake gina raha a kan shara da ƙazanta a irin wannan wuri, domin ɗalibin da bai san ta ba yana iya ba mutane dariya ba da niyya ba.

Tushen abin shi ne harshen damo, wato kalma ɗaya mai fuska biyu. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka kalmomi daban-daban sukan zo da kama ɗaya a takarda. A nan an ninka dogon wasali don a ga bambancin:

(1) kaashii (sama-sama): najasa
(2) kashii (sama-ƙasa): rabo ko tsibi, kamar "kashi 20 cikin 100"
(3) ƙashii (ƙasa-sama): na jiki

Akwai kuma "kashi" na duka ko kaye. Idan aka ce wata ƙungiya ta sha kashi a hannun Coton Sport ta Garwa, an cinye ta ke nan. Mai tsokana ba ya canza ko harafi ɗaya. Furucin kawai zai ɗan sauya, sai abin da aka sha ya zama wani abu daban. Daɗin wasan yana cikin cewa zai iya rantsewa bai faɗi komai ba, kunnen mai sauraro ne ya ji. Baƙon harshe da ya kasa furta /ƙ/ yakan faɗa wannan rami da ƙafarsa, ya je wurin mahauci ya ce a sa masa nama da kashi.

Inda harsuna suka haɗu kuwa, ƙofar ta fi faɗi. A Faransancin yara, najasa ita ce caca. Bahaushe da ya karanta ta a rubuce zai ga wasan kuɗi ne, na karta da makamantanta. In kuma da kunne ya ji ta, "kaka" zai ji, wato mahaifin uwa ko na uba. Furucin ba ɗaya ba ne sak, don ta Hausa tana da dogayen wasula da karin ƙasa-sama, amma yaron da ya dawo daga makaranta bai damu da wannan ba. Abin lura shi ne, wasan ya faɗa daidai inda al'ada ta yarda da shi, domin tsakanin jika da kaka akwai wasa tun asali. Da a ce kalmar da "baba" ta yi kama, da ba dariya za a yi ba.

Shara ita ma tana da nata. Tazarar da ke tsakanin "shara" da "shahara" gaɓa ɗaya ce, don haka ana iya yabon mutum a haɗiye gaɓar tsakiya, yabo ya koma zambo. A Kano da Kaduna ana kiran masu tsintar ƙarafa da robobi 'yan jari-bola, an haɗa dukiya da juji a suna ɗaya. A Kamaru kuwa, inda kamfanin HYSACAM da aka kafa a 1969 ya yi suna wajen kwasar shara, kwandon shara shi ne poubelle. Asalinsa sunan mutum ne, Eugène Poubelle, wanda ya tilasta wa masu gidaje a Faris ajiye irin wannan kwando a 1884.

Me ya sa ake dariya? Saboda kunya. Bahaushe ba ya kiran waɗannan abubuwa da sunansu a gaban manya. Sai ya ce zai kewaya, ko zai kama ruwa, ya ce bayan gida ko bawali. Wannan sakayawa ita ce shingen da barkwanci yake tsallakewa, kuma da babu shingen da babu abin dariya. Sai dai karin magana tana da izinin da zance na yau da kullum ba shi da shi. Dattijo zai ce "tusa ba ta hura wuta" a gaban jama'a, ba wanda zai ce ya yi batsa. Haka "an shafa masa kashin kaji", wato an ɓata masa suna. "Babba juji ne" ta fi su ban sha'awa, domin a nan an kamanta babba da matattarar shara, amma girmamawa ce: shi ne mai haƙurin ɗaukar abin da kowa ya kwaso ya zuba masa. Yaro dai ba zai faɗa wa babba haka ba. Babban ne yake faɗa wa kansa, ko wani babba ya faɗa masa lokacin ba shi haƙuri.