Yadda Ake Yin Kayan Faiba da Jakar Leda

'Yan'uwa manoma da masunta na ƙasar Gwarzo da Kabo, itacen sassaƙa yana ƙara wuya. Mai kwale-kwale a dam ɗin Guzuguzu, ko a na Challawa da aka gama a 1992, ya san tsadar katako. Shi ya sa ya kamata mu san faiba, watau zaren gilashi da ake saƙawa kamar yadi, a jiƙa shi da wani danƙo mai suna rezin, ya daskare. Ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa. Kamfanin Owens-Corning na Amurka, wanda aka kafa a 1938, shi ya yaɗa shi a duniya. Da shi za a iya yin kwamin ban ruwan dabbobi, da murfin rijiya, da facin jirgi.

Ƙarfin faiba a zaren yake. Danƙon riƙe zaren kawai yake yi. In ya yi yawa, kayan sai su yi nauyi, su riƙa tsagewa. In kuma iska ta maƙale a ciki, wurin zai zama rami. Maganin duka biyu shi ne matsi, jakar leda kuwa ita ke kawo shi.

Ga dalili. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. In aka zuƙe iskar cikin jaka, ta waje sai ta danne kayan ta kowane gefe daidai. Ko rabi aka zuƙe, an sami nauyin kusan tan 5 a kan murabba'in mita.

Ga yadda ake yi:

1. A shafa wa mazubi kaki sosai, don kada kayan su manne.
2. A yanka yadin gilashi, a shirya kome kafin a taɓa danƙo.
3. A auna maganin daskarewa da sirinji, mililita 10 zuwa 20 ga kilo 1 na danƙon foliyesta.
4. A jiƙa yadin da buroshi, shimfiɗa bayan shimfiɗa.
5. A ɗora yadin nailan, sa'an nan leda mai ƙananan huji, sa'an nan tsohon bargo wanda zai sha rarar danƙo.
6. A rufe duka da leda mai kauri, a liƙe bakin ram, a sa tiyo.
7. A haɗa tiyon da injin tsohon firji, ta bakin da ke zuƙa. A sa kwalba mai murfi a tsakani, ta tare danƙo. Kada a kashe injin sai kayan sun daskare.

Da bazara danƙon yakan daskare da sauri, saboda haka a yi aikin da sassafe, a inuwa, a dama kaɗan kaɗan. Ba ya kama tankin roba, kada a ɓata kuɗi a kan facinsa.

A kula ƙwarai. Maganin daskarewa yana makantarwa in ya shiga ido. A sa tabarau da safar hannu, a rufe hanci lokacin goga da sanfefa. A yi aikin a fili, nesa da murhu da yara.

Mai koyo ya fara da ƙaramin abu, kamar murfin bokiti. In 'yan ƙungiya suka haɗa kuɗi, injin ɗaya ya ishi unguwa.