A Ina Tauraron Littafi Ya Samo Kuɗinsa?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in faɗi albarkacin bakina game da littattafan Hausa. Ni ɗan tireda ne, idan ciniki ya lafa karatu ne abokin hirata. Ma'aunin da nake auna kowane littafi da shi kuwa ɗaya ne: shin ya nuna mini yadda mutanen cikinsa suke samun abin sakawa a bakin salati?

Littafin da ya fi taɓa zuciyata shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta. Rabi ba ta zauna tana ta kuka ba, sai ta kama sayar da abinci, da shi ta riƙe yaranta. Wallahi kowa ya san irin Rabi a unguwarsu. Da gobarar kasuwa ta cinye shagon Alhaji Abdu, duk mai kanti zai ji gabansa ya faɗi. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne ƙarshensa, inda aka matsa wa Rabi ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, bayan ta tsaya da ƙafafunta. Amma fa haka ake yi a garuruwanmu, marubuciyar gaskiya ta faɗa.

Na biyu shi ne Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona asirin 'yan fasa-ƙwauri da masu cin hanci. A nan ma akwai masu kuɗi, amma an nuna maka ƙazamar hanyar da kuɗin ya biyo. Shi kuwa Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun 1934 yake, amma har gobe in ka karanta yadda uwar Umar ta tsallaka hamada tana neman ɗanta, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, sai ka ji ƙwalla ta cika maka ido.

To, waɗanda suke ƙona mini rai su ne wasu labaran da ake turo wa yaranmu ta waya, ana biya kafin a karanta. Ba duka ba ne, akwai masu ma'ana. Amma da yawansu labari ɗaya ne: saurayi ɗan shekara 25, yana da kamfanoni a Dubai da jirgin sama nasa na kansa, ya ga 'yar talla ya aure ta. Sana'ar me yake yi? Oho! Ba a taɓa ganin ya yi lissafi ko ya tafka asara ba. Yarinyar da ta sha irin wannan karatu, yaya za ta kalli tela ko manomin da ya zo neman aurenta? Shi kuma yaro sai ya raina jarin da ubansa ya ba shi, ya manta da yayyafi kogi kan cika.

Duk da haka ba na goyon bayan ƙona littattafai kamar yadda aka yi a Kano a 2007. Wuta ba ta koya wa yaro zaɓe. Shawarata ga iyaye ita ce, mu riƙa karanta abin da 'ya'yanmu suke karantawa, sannan mu tambaye su: wannan attajirin a ina ya samo kuɗinsa? Ku kuma marubuta, don Allah ku waiwayo mu. Mai ƙosai da ɗan koli da mai faci su ma suna da labari.

Allah ya sa mu dace, amin.

Daga wani mai tireda,
Bakin Kasuwa, Funtuwa.