MASAƘAR CIKIN JIKI DA KAFSON TASHA

Duk mutumin Gombe da ke zaune a Agege ko Sabon Badun ya san unguwar BCGA, inda injin gurzar auduga ya yi suna tun zamanin Turawa. A can aka riƙa raba auduga da angurya, daga nan a kaɗa zare, masaƙa ta mai da shi tufa. To, jama'a, masana sun ce akwai wata irin masaƙa a cikin jikin kowanenmu, kuma sanin aikinta zai iya tsare wa mutum kunnensa da jininsa.

An gina jikin ɗan Adam ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai ɗimbin waɗansu 'yan injuna da ake kira ribosom. Aikinsu shi ne saƙa furotin, watau sinadarin da ke gina tsoka da jini da gashi. Suna bin umurnin da mutum ya gada daga iyayensa, kamar yadda masaƙi ke bin zanen da aka ba shi. Wani masani ɗan ƙasar Romaniya mai aiki a Amurka, George Palade, shi ne ya bayyana su a 1955, aka kuwa ba shi lambar Nobel a 1974.

Ita kanta masaƙar ta ɗan Adam tana da furotin wajen iri 80 a jikinta. Mai bincike yana bukatar kowane ɗaya shi kaɗai, tsantsa, kuma da yawa, abin da ba ya samuwa cikin sauƙi daga jikin mutum. A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer na Kalifoniya suka gano dabarar ɗauko umurnin gado a dasa shi cikin ƙwayar bakteriya. Sai a yi kiwon bakteriyar a cikin tulu, ita kuwa ta yi ta saƙa furotin ɗin mutum, a tace a zuba a kwalba.

Waɗannan furotin na ribosom ba magani ba ne na sha, kayan ɗakin bincike ne. Da su ake nazarin wata cutar ƙarancin jini ta jarirai, wadda a 1999 aka gano tana da nasaba da lalacewar ɗaya daga cikinsu mai suna RPS19. Da waɗansunsu kuma ake gwada jinin masu cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita.

AMFANIN YA ISO GIDA

Wannan dabara ta daɗe da isowa Gombe. Da ita ake yin insulin na masu ciwon sukari tun 1982, da allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, wadda ake samu daga yis tun 1986. Nijeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara a 2004, shekarar da aka kafa Jami'ar Jihar Gombe. Ke nan jaririn da aka yi wa ita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko a ƙaramin asibitin unguwa, ya ci moriyar wannan ilmi.

Amma abin da ya fi shafar matafiyi shi ne wannan. Ƙwayoyin cuta su ma suna da tasu masaƙa, sai dai ta fi tamu ƙanƙanta, ƙirarta kuma daban. Magunguna irin su tetirasaikilin, da kuloramfenikol, da allurar jentamaisin, da istireftomaisin na tarin fuka, duk aikinsu shi ne su cushe masaƙar ƙwayar cuta su bar ta mutum. Masana uku, Ada Yonath da Venkatraman Ramakrishnan da Thomas Steitz, sun sami lambar Nobel a 2009 saboda sun nuna ƙirar ribosom filla-filla, har da gurbin da magani ke maƙalewa.

To, sai dai bambancin bai cika ba. A sashen da ƙwayar halittarmu ke samun ƙarfi akwai waɗansu ribosom masu kama da na bakteriya, magani kuwa yakan taɓa su. Shi ya sa jentamaisin da istireftomaisin kan jawo kurumta wadda ba ta warkewa in an wuce ƙa'ida, kuloramfenikol kuma kan raunana ɓargo har jini ya ragu. Haka nan, yawan shan kafso ba bisa ƙa'ida ba yakan bar ƙwayoyin da suka sauya ƙirar masaƙarsu su yaɗu, maganin ya daina cin su.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna Kurmi, a yi hattara da mai tallan magani a tashar mota da mai allurar bayan kasuwa. Zazzaɓi ya kama mutum, ya je asibiti a gwada jininsa. In likita ya rubuta magani, a sha shi daidai yadda ya faɗa. Wanda ake yi wa allura ya fara jin ƙara a kunne ko jiri, ya gaya wa likita nan take. A aika wa iyali a gida su kai jariri rigakafin ciwon hanta tun ranar haihuwa. Allah ya ba mu lafiya, ya mai da kowa gida lami lafiya.